Bulus ya ce ba ta ayyuka ba, Yakubu ya ce ta ayyuka: me za a faɗa wa 'yan ajin baftisma?

MaiBishara_Sumaila:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, lokacin buɗe ajin baftisma ke nan a ƙauyukanmu. Ga inda nake neman haske. Wasiƙar Bulus ga Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Yakubu 2:24 kuma ta ce ta wurin ayyuka ake baratar da mutum, ba ta bangaskiya kaɗai ba. In ka koyar da ta farko ita kaɗai, sai ɗan aji ya ce ashe ba laifi ko ya koma gidan giya. In ka koyar da ta biyu ita kaɗai, sai ya dinga lissafin zakka da zuwa sujada kamar mai zubin adashe. Yawancin masu zuwa ajin manoma ne da matan aure, ba sa karatu. Wacce ake fara koyarwa, kuma da wane tsari?

BabaFasto_Rano:
Ɗana, kada ka fara da ko ɗaya daga cikinsu. Fara da Ibrahim, domin a kansa Bulus da Yakubu duka suka kafa hujja, sai dai kowannensu da ranar da ya kama.

Bulus a Romawa 4:3 ya kama Farawa 15:6, daren da Allah ya fito da Ibrahim waje ya ce ya ƙirga taurari, Ibrahim ya gaskata, aka lasafta masa adalci. A lokacin ba kaciya, ba ɗa, ba Shari'ar Musa. Ka yi musu lissafin a ƙasa da tsinke, sun fi gane shi haka. An haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86 (Farawa 16:16), an yi masa kaciya yana da 99 (Farawa 17:24). Ke nan aƙalla shekara 13 yana barataccen mutum kafin wuƙa ta taɓa shi. Yakubu kuwa a 2:21 Farawa 22 ya kama, ranar da Ibrahim ya ɗora Ishaku a kan bagade. An haifi Ishaku yana da shekara 100, ga shi yaron har ya isa ɗaukar itace ya hau dutse da shi. Kuma ka lura, a aya ta 23 Yakubu da kansa ya kawo Farawa 15:6 ɗin nan, ya ce a ranar ce nassin ya cika.

To Bulus yana amsa tambayar yadda mai zunubi ke samun karɓuwa a gaban Allah. Yakubu yana amsa tambayar yadda za a gane bangaskiyar da mutum yake faɗa da baki tana da rai ko gawa ce. Mako biyu za ka ba wannan, labarin daren taurari a mako na farko, labarin dutse a na biyu. In ka haɗa su rana ɗaya za su cakuɗe a kan mutane.

Dattijo_Roni:
Baba Fasto ya gama magana. Ƙari ɗaya kawai: duk wanda ya karanta Afisawa 2:8-9 ya rufe littafi bai kai aya ta 10 ba, shi ya jawo wa kansa. A can aka ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Uku ɗin tare ake haddace su.

Malama_Tabita:
Baba Fasto, da izininka, akwai matsala tun kafin a kai ga ayoyin. Kalmomin da muke koyarwa da su duk suna da kayan da suka ɗauko daga kasuwa da tsakar gida, kuma ɗan aji da wannan kayan yake ji.

Ɗauki alheri. A wurinmu alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Matar da aka kawo wa gudummawa ranar bikin 'yarta ta san bashi ta ci, akwai mai riƙe lissafin kowane kwano da kowane turmin atamfa, ranar bikin waccan sai ta mayar har da ƙari. In ka ce mata Allah ya yi mata alheri, tambayar da ke ranta ita ce da me za ta rama. Romawa 4:4-5 ce maganin wannan, inda aka raba ladan ɗan ƙwadago da kyauta. Ka tambaye su: wanda ya yi maka noma daga safe zuwa azahar, kuɗin da ka ba shi kyauta ne? Za su ce a'a, hakkinsa ne. Daga nan ka tafi.

Ita kanta kalmar ceto, a bakin maƙwabtanmu Musulmi ta fi nufin roƙon da za a yi wa mutane a ranar alƙiyama, abu ne na gaba. Wanda ya taso yana jin haka, in ka ce masa an cece ka, sai ya ji kamar ka yi gaggawar yanke hukuncin Allah. Kafara kuma a wurinsu abin da mai laifi ke yi da kansa ne, kamar azumin wata biyu a jere ko ciyar da miskinai 60 ga wanda ya karya azumi da gangan. A Romawa 3:25 kuwa Allah ne ya tanadi kafarar. Kalma ɗaya, amma mai biyan ya bambanta. In ba ka faɗi wannan a fili ba, ka yi ta magana suna gyaɗa kai, kowa da abin da yake ji.

Ɗan_Gwaram:
Har da barata. Tsofaffin da suka saba da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, masu cewa Matta da Yohanna, sun san ta. Matasa kuwa wasu sai su ɗauka daga bara take. A ce musu maganar gaban alƙali ce: an kawo ka da laifi, alƙali ya ce ba a bin ka komai, tashi ka tafi.

Katikis_Bala:
Ɗan_Gwaram, a nan ne muka ɗan rabu, kuma gara a faɗa tunda ba duka 'yan ECWA ne a zauren nan ba. Ekklesiyar Katolika ba ta koyar da cewa mutum yana sayen ceto da aikinsa, ko da yake ana yawan faɗin haka a kanmu. Majalisar Tirent, babban taron shugabannin Katolika, a dokar da ta fitar kan baratarwa a Janairun 1547, ta ce babu abin da ke zuwa kafin baratarwa, bangaskiya ce ko ayyuka, da ya cancanci alherin nan. Tun kafin nan ma an yi watsi da koyarwar Felajiyus a Kartej a shekara ta 418, shi da ya ce mutum zai iya yin biyayya ga Allah da ƙarfin kansa. Bambancin shi ne mu muna cewa baratarwa ba yafe zunubi kaɗai ba ce, har da sabunta mutum daga ciki. Alƙalin bai tsaya ga sallamar ka ba, ya mai da kai ɗa, ya zuba ƙaunarsa a zuciyarka (Romawa 5:5). Shi ya sa Galatiyawa 5:6 ta fi zama a bakinmu, bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna.

BabaFasto_Rano:
Malam Katikis, ka faɗi naku daidai. Mu ma muna koyar da sabuntawar, sai dai muna ba ta wani suna, tsarkakewa, kuma ba ma yarda a zuba ta a ƙwarya ɗaya da baratarwa. Dalilin na kiwon tumaki ne, ba na gardama ba. In karɓuwata a gaban Allah ta rataya a kan yawan canjin da ya faru a cikina, ranar da na yi faɗa da matata sai in rasa inda nake tsaye. Baratarwa sau ɗaya ce kuma cikakkiya, tsarkakewa kuwa tafiya ce har kabari.

Katikis_Bala:
Baba, ai shi ya sa akwai ikirari a gaban fada, wato limamin Katolika, don mutum ya ji da kunnensa an yafe masa. Amma tazarar ba ta kai yadda kakanni suka bar ta ba. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsbog na Jamus, Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya sun sa hannu a takarda ɗaya cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah ke karɓar mu, ba don cancantarmu ba. 'Yan Metodis sun shiga a 2006.

Yusufu_T_Wada:
Shi Martin Luta ma, tushen Lutaran ɗin, ai Yakubu ya ba shi wahala. A gabatarwar da ya rubuta wa Sabon Alkawari a 1522 ya kwatanta wasiƙar da busasshiyar ciyawa. Amma bai cire ta daga Littafi ba. Don haka mai bishara kada ka ji kunya don ta ɗaure maka kai.

MamanZumunta_Kibiya:
Malamai, kun tafi Jamus kun bar mu a ƙauye. Ni tambayar da mata ke yi ita ce wannan: tsoho ya ba da gaskiya, yana cikin aji, ya rasu saura mako biyu a yi baftisma. Ya tsira ko bai tsira ba? Wannan ake so a ji.

Dattijo_Roni:
Mama, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai ga ruwa ba, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi (Luka 23:43). Karniliyus da mutanen gidansa sun karɓi Ruhu Mai Tsarki tukuna, sannan Bitrus ya ce a kawo ruwa (Ayyukan Manzanni 10:44-48). Siman mai sihiri kuwa an yi masa baftisma sarai, amma Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba (Ayyukan Manzanni 8:13, 21). Markus 16:16 ma in kika duba rabinta na biyu, rashin ba da gaskiya ta ɗora wa hukunci, ba ta ambaci rashin baftisma ba.

Katikis_Bala:
A kan tsohon nan bakinmu ɗaya, Mama. Muna kiran ta baftisma ta muradi: ɗan aji da ya rasu yana son baftisma, yana tuba, an tabbatar masa da ceto. Sai dai mu ba ma ɗaukar ruwan a matsayin shaida kawai, Yahaya 3:5 da Ayyukan Manzanni 2:38 da 1 Bitrus 3:21 sun fi ƙarfin haka. Don haka in ɗan aji ya kwanta ciwon ajali ba a jiran ranar da aka sa, a take ake yi masa, kuma in babu fada kowa ma zai iya, da ruwa tsantsa a zuba a kai sau uku, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ɗan_Gwaram:
Abin da ke lalacewa a nan shi ne katin baftisma. A naɗe shi a leda a sa ƙarƙashin akwati, an mai da shi laya. Mutum shekara biyar bai taka majami'a ba, amma ka taɓa shi sai ya ce yana da kati.

Malam_Ishaya_Karaye:
Tunda an ambaci laya, bari in ce wani abu da ban ga an taɓo ba. Duk bayanin da ke sama na laifi ne da alƙali. Amma wanda ya fito daga gidan da ake yanka wa iskoki zakara ko bunsuru kafin shuka, ba tsoron alƙali ne ya fi damunsa ba. Tsoronsa shi ne in ya daina yankan, wa zai tsare gonar, wa zai tsare yara daga maita. In ka ba shi gafarar zunubi kaɗai zai karɓa da hannu biyu, gurunsa kuma yana nan ɗaure a ƙugu, domin a ganinsa aikinsu daban.

Littafi bai bar wannan ba. Kolosiyawa 2:13-15 ta haɗa biyun a numfashi ɗaya: an kafe takardar bashinmu a kan gicciye, an kuma kwance wa mulkoki da ikoki ɗamara an kunyata su a fili. Ibraniyawa 2:14-15 ta ce ya hallaka mai ikon mutuwa ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar duk rayuwarsu. Kalmar Helenanci da aka fassara ceto ita ce dai aka yi amfani da ita a Markus 5:34 ga mai zubar jini, inda muke karanta cewa bangaskiyarta ta warkar da ita.

Ga yadda ake yi a aikace. A ware mako guda cur a kan wannan, kusan tsakiyar aji, ba a farko ba, sai an saba. A karanta Ayyukan Manzanni 19:18-19, inda masu bi na Afisa suka fito da littattafan sihirinsu suka ƙone, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ka lura waɗanda suka riga suka ba da gaskiya ne suka fito da su, ke nan sun ɗan jima suna ɓoyewa. Kada a tilasta, kada a shiga ɗakin mutum bincike. Wanda aka ƙwace wa laya bai shirya ba, ranar da ɗansa ya yi zazzaɓi zai ce ga sakamakon, ya je ya karɓo wadda ta fi ta. Shi zai kawo da hannunsa, dattawa biyu su kasance, a yi addu'a, a ƙone, sannan a riƙa leƙa gidan akai-akai, musamman farkon damina da lokacin haihuwa. Kuma a gaya masa gaskiya tun farko cewa mai bi ma yana ciwo, gonarsa ma tana iya ƙin yi. Wanda ya yi masa alkawarin ba zai ƙara ganin wahala ba, wata layar ya ba shi.

Malama_Tabita:
Malam Ishaya, wannan ya kawo mu kan fansa (Markus 10:45). Yanzu da an ce kuɗin fansa, masu garkuwa da mutane ke zuwa ran kowa, sai wani ya tambaya wa aka biya, Shaiɗan? Tsohuwar tambaya ce, malaman ikilisiya na dā ma sun yi ta. Orijin ya karkata ga cewa Shaiɗan aka biya, Giregori na Naziyanzus ya ce abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi irin wannan farashi, Ansalam na Kantabari kuma wajen 1098 ya ce bashin na Allah ne, mutum ne ya ci, amma Allah kaɗai ke iya biya, shi ya sa mai biyan ya zama Allah kuma mutum. Nassi bai faɗi sunan wanda ya karɓa ba, abin da ya nanata shi ne tsadar da kuma 'yancin (1 Bitrus 1:18-19). Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na zamanin bauta, bawa yana biyan murgu yana tara kuɗin fansar kansa. A nan kuwa bawan ba shi da ko anini, wani ne ya zo ya biya.

Yusufu_T_Wada:
To wanda ya ƙone layun, aka yi masa baftisma, bayan shekara uku ya koma? Ceton ya zube ne ko dama babu shi?

Dattijo_Roni:
Dama babu shi. 1 Yahaya 2:19, sun fita daga cikinmu amma dama ba namu ba ne. Yahaya 10:28-29, ba mai ƙwace su daga hannunsa. Filibiyawa 1:6, wanda ya fara aikin zai kammala.

Malam_Ishaya_Karaye:
Baba Dattijo, a yi a hankali. Ibraniyawa 6:4-6 tana maganar waɗanda aka haskaka, suka ɗanɗana baiwar sama, suka sami rabo cikin Ruhu Mai Tsarki, sannan suka fanɗare. Da wuya a ce duk wannan kwatancin munafuki ne. Ga 2 Bitrus 2:20-22 kuma. A kan wannan da makamantansa aka zauna taro a Dot ta ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, mabiya Kalbin, masu cewa ceto ba ya zubewa, suka yi watsi da ra'ayin mabiya Arminiyus, masu cewa yana iya zubewa, amma ra'ayin bai mutu ba, Jon Wesli ya ɗauke shi daga baya. Ba a zauren nan za mu raba ta ba.

BabaFasto_Rano:
Ba za mu raba ta ba, amma ku duba abin da kowannenku zai yi in an kawo masa mutumin. Dattijo zai je gidansa ya ce masa ya tuba. Malam Ishaya zai je gidansa ya ce masa ya tuba. Ba wanda zai ce masa kwanta da gurunka, kana da kati. Ni ra'ayin Dattijo nake bi, sai dai ba na yarda a yanke wa mai rai hukunci cewa dama ba namu ba ne. Bitrus ya yi musu sau uku ya dawo.

Mai bishara, mu koma kan tambayarka. Nemi wanda ya iya auren mangwaro a cikin ajin, ba za a rasa ba, ka sa ya nuna a gabansu. Zai yanke ɗan dashen, ya tsaga, ya feƙe reshen mai kyau ya cusa, ya naɗe da leda tam don kada iska da ruwa su shiga. Ka tambaye su: 'ya'yan ne suka sa auren ya kama, ko kamawar ce ke kawo 'ya'ya? Sannan ka tambaye su, in an shekara biyar reshen nan ko ganye bai fitar ba, me za a ce? Su da kansu za su ce bai kama ba. Ka ga Bulus ka ga Yakubu. Akwai na uku da masu lambu suka sani: tsohon gindin yana ta fitar da tsiro ta ƙasan ɗaurin, in ba a cirewa zai shanye ruwan ya kashe na saman. Wannan ce tsarkakewa, Romawa 8:13. Ka rufe da Yahaya 15:5.

MamanZumunta_Kibiya:
Wannan kam mata za su riƙe. Amma Baba, ranar tambayoyi kafin baftisma ku dattawa ku daina tambayar da amsarta i ce. Ka ba da gaskiya? I. Ka tuba? I. Wa zai ce a'a a gaban dattawa biyar? Ku ce mata, in Allah ya kira ki daren nan, da me za ki dogara? In ta ce ba na sata, ba na zagi, ina zuwa zumunta, ba ta gane ba tukuna, a sake mata darasin ɗan ƙwadago. Kuma a bar mace ɗaya babba ta zauna a wurin, yawancinsu ba za su buɗe baki a gaban maza zalla ba.

Malama_Tabita:
Haka ne Mama. A ƙara da ta biyu, irin ta Yakubu: wa kike gaba da ita, kuma me kika yi a kai tun da kika fara aji? A nan ake ganin ganyen.

Ɗan_Gwaram:
Wani abu kuma, a koya musu cewa Littafi yana faɗin ceto ta fuska uku. An cece ku (Afisawa 2:8), ana ceton mu (1 Korintiyawa 1:18), cetonmu ya fi kusa yanzu da lokacin da muka fara ba da gaskiya (Romawa 13:11). In maƙwabci ya ce masa kai wa ya gaya maka ka tsira tun ba a yi hisabi ba, ya san abin da zai amsa ba tare da faɗa ba.

Katikis_Bala:
Wannan ukun mu ma haka muke faɗa. Mangwaron ma na karɓa, Baba, illa dai ni zan ce ranar baftisma ce ranar da aka naɗe ledar.

Dattijo_Roni:
Ni kuma in ce ranar da aka kwance ta kowa ya ga ya kama.

MaiBishara_Sumaila:
Na gode iyayena, Allah ya ƙara basira. Ga yadda na tsara mako 12 ɗin: biyu na farko kalmomin da Malama ta lissafa, biyu Ibrahim, ɗaya mangwaro da Afisawa 2:8-10, na shida layu da tsoro, sauran baftisma da Jibin Ubangiji da zaman ikilisiya. Abin da ya rage mini shi ne Ibraniyawa 6. A karanta musu ita a cikin aji, ko a bari sai bayan baftisma? Baba Fasto, Malam Ishaya, ina sauraro.

Malam_Ishaya_Karaye:
Karanta musu, amma ka kai har aya ta 9. Mako na 11, bayan sun riƙe Yahaya 10 da ka.